Yaron da Ya Ƙi Shiga Kwale-kwale

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Auwalu, da abokina Sadiƙ, da amaryata Husna. Allah ya sa kun shiga Lakwaja a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kya ji a waya. Maganar da na kasa yi miki ranar da kika zo sallama ce ta zaunar da ni rubutu. Kin tuna kin miƙo mini wayarki kina nuna mini bidiyon wani sansanin hutu na yara, ana hawan dutse, ana tseren keke, ana ta dariya. Kika ce aikin asibiti ba ya sakin mutum lokacin dogon hutu, ga shi ba ku da kowa a can, shi ya sa kike tunanin kai su Sadiƙ irin wannan wuri. Na mayar miki da wayar, na ce zan tafi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Na san kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Kwale-kwalen da na gani cike da yara a ƙarshen bidiyon ne ya tsinka mini zuciya.

Kin san Taufiƙ ɗan gidan Alhaji Rasaki a ruwa ya rasu, kin san yayanki Abba yana wurin. Amma kina ƙarama lokacin, kuma a gidanmu ba a taɓa zama an yi maganar ba. Innarku ta tafi da nata a ciki, Allah ya jiƙanta. Ni na ga gara in faɗa miki yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro, don ki san inda na yi ganganci, kada ki bi ta wurin.

A shekarar, Abba bai daɗe da shiga sakandare ba. Unguwa kuma ta fara lalacewa. Yaran da muka ga ana goyo sun koma zama a bayan tashar jirgi suna shaƙar sholisho, har an sari wani a Kwaciri da rana tsaka. Dogon hutu ya zo, ni ina shago daga safe har magariba, ɗinkin yunifom na makarantu ya taru mini, ba ni da idon da zan sa a kan yaro. Tsoro ya cika ni. Ina kuma ganin Baban Emeka, wanda nake sayen allura da bel ɗin keke a wurinsa a Sabon Gari, duk hutu cocinsu na kwashe yaransu a tafi da su bayan gari, su dawo da ƙiba da labarai. Abin ya riƙa ba ni sha'awa, ina cewa mu me ya hana mu.

Ana haka wani saurayi ya shigo shagona, fes da shi, ga fara'a, ga sallama cikakkiya. Ya ba ni wata takarda mai sheƙi da hotuna. Ya ce ya buɗe sansanin hutu kusa da tsohon garin nan na bakin kogi da ake cin kasuwarsa ranar Juma'a. Kin san garin, ba sai na rubuta sunansa ba, mutanensa ba su yi mana komai ba sai alheri. Ya ce da asuba karatun Alƙur'ani, da hantsi lissafi da Turanci, da yamma hawan dutse da kamun kifi, ranar kasuwa kuma a kai yara su ga kara, inda ake cinikin shanu, da rumfunan da kakannin kakanni suka ci kasuwa a ciki. Duk abin da nake so in ji, shi ya faɗa mini.

Da na kai wa Innarku takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Malam, ka je ka gani da idonka tukuna." Na ce in na rage ɗinki zan je. Garin ba nisa gare shi ba, mutum zai je ya dawo ya sami azahar a Fagge. Ban je ba. Ranar da ƙafata ta fara taka wurin, an riga an yi abin da aka yi. Sai na tarar tsohon gidan gona ne da aka daina kiwon kaji a ciki. Tabarmi a ƙasa, babu gidan sauro, rijiya a buɗe ba murfi, masu kula da yaran kuwa shi ne da wasu 'yan'uwansa da ba su san komai a kan riƙon yara ba. Hotunan takardar ko ɗaya ba a wurin aka ɗauka ba. Daga baya ne na tambayi Baban Emeka yadda suke yi, ya ce ai matarsa tana cikin masu bin yaran don girki, shi kuma da kansa yake zuwa ya duba makwanci da banɗaki kafin a kai su. Ni dawowar yaransa kawai nake gani, ban taɓa tambayar wahalar da ke bayanta ba.

Don haka Rabi, kada ki zaɓi wuri daga waya. Abin da aka yi mini da takarda, yanzu da bidiyo ake yi, kuma ya fi sauƙi. Ki je da ƙafarki, ke ko Malam Auwalu, ranar da ba su san za ku zo ba. Kada ki tsaya a ofis inda aka sa fanka da kujeru masu kyau. Ki leƙa madafa, ki shiga banɗaki, ki ce a ɗebo miki ruwan da yara ke sha ki sha. Ki tambayi wa ke kwana da su, ko akwai mace babba a ɓangaren 'yan mata, ina asibiti mafi kusa, kuma da wace mota za a kai yaro in abu ya taso. In kika ga tambaya tana ɓata musu rai, ki yi musu sallama ki kama hanya. Ki nemi iyayen da suka taɓa kai nasu, waɗanda kika samo da kanki, ba waɗanda mai wurin ya haɗa ki da su ba.

Da a kaina na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na ga Abba zai yi kewa shi kaɗai, na tsallaka gidan Alhaji Rasaki. Kin san yadda muke da shi, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninsa daga Ilori suka zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, a kasuwar Sabon Gari ya tsufa yana sayar da kwanuka da tukwane. Taufiƙ shi ne autansa, kuma tun suna rarrafe ba a raba shi da Abba, in an zuba tuwo a gidanmu tare za su ci, in an yi amala a gidansu can za ki same su. Na yi ta yaba wa Alhaji wurin kamar na shekara ina zuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"Malam Sani, ka san mutanen?"

Na ce, "Na san su."

Ban san su ba. Sau ɗaya na taɓa ganin saurayin nan. Na faɗa ne don kada in zama mutumin da ya zo da magana bai bincika ba. Alhaji ya ce tunda na san su shi ke nan, ya shiga gida ya ce wa Maman Taufiƙ ta haɗa masa kaya. Shekaru sun wuce, amma har yau in na shiga salla wani lokaci amsar nan tana faɗo mini. Rabi, a baƙon gari za ki yi ƙawaye, za su riƙa tambayarki ina za su kai yaransu tunda ke ma'aikaciyar asibiti ce ana ganin kin san abubuwa. Abin da ba ki gani da idonki ba, kada ki tsaya masa. Ki ce ban sani ba. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ce bai sani ba.

Shi kansa Abba ban tambaye shi ko yana so ba. Ana gobe tafiya ya zo shago ya tsaya a bakin ƙofa, ina yanka yadi, akwai mutane a zaune. Ya daɗe yana murza hannu kafin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, wai an ce akwai shiga ruwa, shi kuma ba ya so. Na yi dariya, na ce wa mutanen ku ji namiji da tsoron ruwa. Su ma suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya fita. Ɗan fari ne, na tashi na ga ba a jan ɗan fari a jiki, ba a ko kiran sunansa, sai na mayar da kunyar nan ta zama dalilin ƙin sauraronsa. Ki saurari naki. In Sadiƙ ya ce yana tsoron tsayi ko ruwa ko kwana a baƙon wuri, ki zauna ki ji dalili, kada ki kunyata shi gaban mutane. Kuma ki tambayi masu sansanin kai tsaye me suke yi wa yaron da ya ce ba zai yi abu ba. In suka ce ai a nan ba a cewa a'a, to ba wurin yara ba ne.

Suna da doka wai iyaye ba sa ziyara sai ranar ɗauka, don yara su koyi tsayawa da ƙafarsu. Na yarda, har na ga hikima a ciki. Juma'ar farko da aka kai su kasuwa a mota, Abba ya sulale ya je wurin masu waya a ƙarƙashin lema, lokacin waya ba ta yi yawa a hannun mutane ba, ya kira ni. Da ƙyar nake jinsa saboda hayaniyar kasuwa. Ya ce abinci ba ya isar su, sauro ya hana su barci, Taufiƙ ma ya yi zazzaɓi ya tashi. Sannan ya ce, "Baba, don Allah ka zo ka ɗauke mu. Wai Juma'a mai zuwa a kwale-kwale za mu zo, kuma ruwa ya cika."

Na ce ya yi haƙuri saura kaɗan, kada ya ba ni kunya. Na kashe waya na koma kan keke. Ban gaya wa Innarku ba don kada ta ce ai ta faɗa. Ban gaya wa Alhaji Rasaki ba don na riga na ce na san mutanen. Yaro ya nemi hanya da wayonsa ya kai kukansa wurin ubansa, uban ya mayar da shi. Duk wurin da zai raba ki da muryar 'ya'yanki, ko da wane irin dalili mai daɗin ji, kada ki kai su. In kuma ɗanki ya kira ya ce ki zo, ki je. In kin tarar shagwaɓa ce, asarar kuɗin mota kawai kika yi, kya yi masa faɗa a hanya.

Sauran labarin daga bakin mutanen ƙauyen na ji, sai ɗan abin da Abba ya gaya wa Innarku bayan an daɗe. Tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa, kogi ya kawo har ya shanye gonakin bakinsa. Gidan gonar yana tsallake, ta mota sai an yi zagaye, ta ruwa kuwa kusa ne. Da Juma'ar ta zo, mai sansanin ya ce wa yara yau za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ba jirgi na musamman ya ɗauka ba, kwale-kwalen 'yan kasuwa ne, an riga an loda buhunan hatsi da awaki har da babur, sannan aka ce yara su shiga su zauna a kan kaya. Babu rigar ruwa mai hana nutsewa ko ɗaya.

Abba ya zauna a ƙasa ya rungume turken da ake ɗaure jirgi, ya ce ba zai shiga ba. Aka yi masa tsawa, aka zane shi, yara suna yi masa ihu suna ce masa mace. Taufiƙ ya miƙo masa hannu daga cikin jirgin yana cewa ya zo zai riƙe shi. Bai saki turken ba. Da suka gaji suka ce a bar shi nan, horonsa ke nan, ba zai ga kasuwa ba. Yana zaune yana kallo suka kai inda ruwa ke da ƙarfi, awaki suka firgita suka koma gefe ɗaya, jirgin ya karkata ya kife. Masunta da ke kusa suka faɗa ruwa, Allah ya saka musu da alheri, suka tsamo yawancin mutane. Ba a ga Taufiƙ ba, da wata dattijuwa mai kai daddawa kasuwa. Sai washegari aka same su can ƙasa, cikin ciyawa.

Bayan la'asar labari ya iso shago. Mota ɗaya muka shiga da Alhaji Rasaki, har muka isa carbinsa kawai yake ja. Na sami Abba a zauren mai unguwa, an ajiye masa fura bai taɓa ba, ga shatar bulala a hannunsa. Da ya gan ni bai taso ba, bai yi kuka ba. Bai kuma ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, ina jin da ya fi mini sauƙi. Tsoron da na yi masa dariya a kai gaban mutane, shi Allah ya sa ya zama sanadin da na dawo da ɗana gida, maƙwabcina kuma ya dawo da nasa a naɗe.

A zaman makoki na durƙusa gaban Alhaji zan yi magana, ya riƙe hannuna ya ce kwana ne ya ƙare, kada in ƙara. Bai taɓa tuna mini tambayar da ya yi mini ba, ko da wasa. Maman Taufiƙ ce ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni, in mun haɗu a lungu sai ta gaishe ni tana kallon ƙasa, ni ma haka. Dattawan gidan su saurayin nan suka zo ban-haƙuri, muka ce ƙaddara ce, aka yi addu'a aka tashi. Na yi shiru ne ba don tawakkali ba, sai don in aka tona za a zo kan nawa laifin. Bayan shekara biyu na ji ya buɗe wani sansanin a wani gari da sabon suna. Ban san abin da ya faru a can ba, ban kuma nemi sani ba, don ina tsoron abin da zan ji. Yarda da ƙaddara wajibi ne, Rabi, amma ba ta hana a faɗi gaskiya. In kika ga ganganci a inda ake ajiye yara, ko naki sun tsira, ki gaya wa sauran iyaye, ki kai magana inda ya kamata.

Akwai kuma abin da na yi miki ke, wanda wataƙila shi kika fi tunawa. Daga shekarar nan na kulle ku. Makarantarku za ta kai ku gidan zu, nan cikin gari, kika yi kwana da kwanaki kina kuka, na hana. Aka tafi ganin gidan tarihi, na hana. Bikin ƙawarki a Zariya, na hana. Kika girma ba ki san ko'ina ba sai Fagge da makaranta da asibitin da kika koyi aiki. Na ɗauka tsare ku nake yi, ashe tsorona na ɗora muku ku ɗauka. Yayanki kuwa kin ga yadda ya zama. Yana nan Rijiyar Lemo da iyalinsa, duk Juma'a sai ya zo ya gaishe ni, mu yi maganar tsadar mai da ta masara, ya tashi ya tafi. Tun daga wayar nan bai ƙara roƙona komai ba, ko da yana cikin matsi sai dai in ji a bakin wani. Na sha shirya abin da zan ce masa, in ya zauna sai bakina ya yi nauyi.

Don haka ba cewa nake ki kulle su Sadiƙ ba. Yaro yana bukatar ya fita ya ga duniya, ya hau dutse, ya ga yadda ake cinikin shanu, ya ci abincin da ba na gidansu ba. Ki fara da wurin da ake kai su da safe a ɗauko su da yamma. Husna ba ta kai kwana a waje ba, kada kowa ya ce miki ta kai. In akwai hawan dutse, ki ga igiyar da wanda zai riƙe ta. In akwai ruwa, ban da damina, kuma ki ga an sa wa kowane yaro rigar ruwa daidai jikinsa, ba a rataye a bango don ɗaukar hoto ba. Maganar akwatin magani kuwa kin fi ni sani, ki ce a buɗe miki shi. Ranar da ba ki da aiki, ku ɗauke su ke da babansu ku je tsohuwar kasuwar garin, ku zaga, ku saya musu rake, ku dawo. Abin da ban yi muku ba ke nan, kuma bai fi ƙarfina ba.

Shekaranjiya da safe na sami Alhaji Rasaki a kan bencinsa na ƙofar gida. Ya tsufa sosai yanzu, idonsa ya yi rauni, da murya yake gane mutane. Ya tambaye ki, na ce kun koma Lakwaja. Can ya ce, "Garin ruwa ne. Ka ce mata ta nemi wanda ya iya da gaske ya koya wa yaran iyo, tana tsaye tana kallo. Ni hana Taufiƙ zuwa ruwa na yi ta yi, ban taɓa tunanin in sa a koya masa ba."

Tun ranar jana'iza ban ƙara jin sunan yaron a bakinsa ba sai ranar. Ya miƙo mini hannu ya ce in taimaka masa ya tashi, rana ta fara zafi. Na kai shi har zaure. Saƙonsa ke nan na isar miki, ki riƙe shi fiye da duk abin da na rubuta a sama.

Allah ya tsare mini ku a inda idona ba ya kaiwa. Ya raya Sadiƙ da Husna, ya sa duk inda suka fita su dawo miki da ƙafafunsu. Ya jiƙan Taufiƙ da Innarku da dattijuwar nan da ban taɓa sanin sunanta ba. Ki gaishe da Malam Auwalu da kyau, ki ba shi ya karanta in kin ga dama. Ki sa ni a addu'a, ki sa yayanki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sani Tela.